Sayen Jitar Lantarki Da Kuɗi Kaɗan: Shawara Ga 'Yan'uwa Na Isa Da Sabon Birni

Gabatarwa

Ƙasar Gobir ba baƙuwar kiɗa ba ce. A fadar Isa ne Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙoƙin da har yau ake sa su a rediyo, kuma da wuya a sami wanda ya tashi a ƙauyukan Sabon Birni bai taɓa jin amon garaya ko goge ba. To, amma zamani riga ne. Yau idan ka tambayi ɗalibi abin kiɗan da yake marmarin koyo, sau da yawa zai ce maka jita, kuma jitar ma mai lantarki. Haka nan ƙungiyoyin mawaƙa na makaranta da na ikkilisiya, kowace tana so ta mallaki tata.

Marmari ba laifi ba ne. Wahalar tana wajen saye. Mutumin Jos ko Legas idan ya sayi jita ya ga tana da aibi, gobe da safe sai ya koma shago. Mutumin Isa ko Sabon Birni kuwa sai ya yi doguwar tafiya, ko dai zuwa Sakkwato ta Goronyo, ko ta Shinkafi da Ƙauran Namoda da Gusau har Kano, wani kuma ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Tun daga wajen shekarar 2019 'yan bindiga suka addabi hanyoyin wannan yanki, babu mai son ya bi su sau biyu saboda abu ɗaya. Bugu da ƙari, kuɗin sayen sau da yawa ba na mutum ɗaya ba ne. Gudummawa ce da aka tara da ƙyar daga iyaye da malamai da 'yan ƙungiya. Wanda aka danƙa wa irin wannan kuɗi ya ɗauki amana. Saboda haka dole sayen ya yi daidai tun a karo na farko. Manufar wannan rubutu ke nan.

Darasi Daga Maƙwabta

Kafin mu shiga kasuwa, bari mu leƙa arewa da mu kaɗan. A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar aka haifi wani Ba'abzine makaɗin jita da duniya ta sani da sunan Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. A Sakkwato ɗin nan tamu ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a shekarar 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga wayar hannu zuwa wayar hannu a ƙasashen Sahel, har daga baya ya riƙa zuwa Turai da Amurka yana wasa. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar Tinariwen da ta ci lambar Grammy a 2012, shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya soma. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, ita kuma da jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta. 'Yan mata, sai ku lura da wannan. A nan gida ma, marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya.

Abin da za mu koya shi ne, hannu ne yake yin kiɗa. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya bukatar jita mai tsada. Yana bukatar jita mai lafiya, wadda ba za ta karya masa gwiwa ba tun yana koyo.

Yadda Jitar Lantarki Take Aiki

Wanda bai san yadda abu yake aiki ba, ba zai san inda zai duba ba sa'ad da yake saye. Jita ta gargajiya tana da ciki kamar ƙoƙon garaya, shi ne yake ƙara amo. Jitar lantarki kuwa yawancinta katako ne tulluƙi, babu rami a ciki. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida akwai wani abu da za mu kira maɗaukin sauti. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan aka kaɗa tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kan maganaɗisun, sai a sami 'yar ƙaramar wutar lantarki a cikin naɗin. Wannan 'yar wuta ce take bin waya zuwa amfilifaya, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi ta fitar da ita ta lasifika.

Daga wannan bayani za mu fahimci abu biyu. Na ɗaya, tsirkiyar roba ba ta aiki a jitar lantarki, domin maganaɗisu ba ya jin roba. Na biyu, ita jitar da kanta ba a jona ta a bango. Amfilifaya ce take cin wuta, kuma idan babu ita, amon jitar bai fi kukan sauro ba. Watau wanda ya kashe kuɗinsa duka a kan jita ya dawo gida, ya sayi doki ne babu linzami babu sirdi.

Raba Kuɗi Tun Daga Gida

Ba za mu rubuta farashi a nan ba. Kusan dukan waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 farashinsu ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne a raba abin da ake da shi. Bayan an ware kuɗin mota da na abinci, a kasa sauran kashi goma. Shawararmu ita ce kashi biyar su tafi ga jita, kashi uku ga amfilifaya, kashi biyu ga ƙananan kaya.

Ƙananan kayan nan su ne mutane suka fi mantawa da su: wayar jonawa guda biyu, domin ita ce take fara mutuwa, jaka mai kauri, maɗauri na rataya jita a kafaɗa, 'yan robobin kaɗawa, da ƙunshin tsirkiyoyi aƙalla uku. Tsirkiya ta ɗaya, watau mafi siranta, ita ce ta fi saurin tsinkewa, kuma ba za ka same ta a kasuwar ƙauye ba. Idan ana sayar da ita ɗaiɗai, ƙara biyu ko uku. Ga mai koyo, ƙunshin da aka rubuta wa 9–42 ya fi taushi a yatsa fiye da 10–46. Na'urar saita murya kuwa, idan akwai babbar waya a hannu, akwai manhajoji na kyauta da suke yin wannan aiki.

Wace Iri Za A Zaɓa?

Yawancin jitocin da za ka gani a shago kwaikwayon siffa biyu ne ko uku da aka ƙirƙira a Amurka. Kamfanin Fender ya fitar da wadda ake kira Telecaster a farkon shekarun 1950, sa'an nan Stratocaster a 1954. Kamfanin Gibson kuma ya fitar da Les Paul a 1952. Na ainihi ɗin da ake ƙerawa a Amurka sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi nesa ba kusa ba. Amma kamfanonin biyu suna da ƙannai masu sauƙin kuɗi. Fender tana da Squier tun 1982, Gibson kuma tana da Epiphone, wanda ta saya a 1957. Akwai kuma Yamaha Pacifica da aka soma yi a 1990, da Cort, da ƙananan Ibanez. Yawancin masu araha a ƙasashen Sin da Indonesiya ake yin su, wannan kuwa ba aibi ba ne.

Aibin yana ga jabu. Idan aka nuna maka sabuwar jita an rubuta Fender ko Gibson a kanta, aka faɗa maka farashin da bai fi na keke ba, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Ga wata 'yar alama: a kan jitar Gibson, daidai inda wuya ya ƙare, akwai ɗan murfi mai siffar ƙararrawa. Na ainihi kusoshi biyu ne suke riƙe da shi, na jabu kuwa sau da yawa uku ne. Gara ka sayi jita mai ƙaramin suna na gaskiya da ka sayi mai babban suna na ƙarya, gama wanda ya yi ƙarya a suna ba zai yi gaskiya a katako ba.

Ga mutanen yankinmu, inda babu mai gyaran jita a kusa, sauƙin gyara shi ne kan gaba. Saboda haka a kula da waɗannan:

Wuya. Na siffar Fender da kusoshi huɗu ake ɗaure shi a jiki, ana iya kwance shi a gyara ko a sake wani. Na siffar Gibson manne shi ake yi da gam, idan ya karye sai gwani.

Jaki, watau ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a kai, kamar dai jakin goge. Akwai kafaffe, akwai kuma mai ɗan hannu da ake dannawa murya ta yi lilo. Mai hannun yana da ban sha'awa, amma a jita mai araha shi ne yake sa murya ta riƙa kwancewa. Kafaffe ya fi kwanciyar hankali. Idan mai hannun kaɗai aka samu, a cire hannun a ajiye. Irin wanda yake kulle tsirkiyoyi da ƙananan kusoshi kuwa, mai koyo ya yi nesa da shi.

Maɗaukin sauti. Mai naɗi ɗaya siriri ne, muryarsa garau take, amma yana kwaso gurnanin wutar lantarki, musamman kusa da janareta. Mai naɗi biyu, wanda 'yan kasuwa suke kira hambaka, an yi shi ne domin ya kashe wannan gurnani. Jitar da ta haɗa iri biyun ta fi dacewa da ƙungiya. A guji wadda take bukatar batir a cikinta, domin ranar da batir ya mutu kiɗa ya tsaya.

Bahago kuma ya faɗa tun da wuri, akwai jitar da aka yi domin masu hannun hagu. Shi kansa Mdou Moctar bahago ne.

Gwaji Bakwai A Cikin Shago

Gani ya kori ji. Kada ka sayi jitar da ba a jona ta ka ji da kunnenka ba, kuma kada ka gwada ɗaya a ba ka wata a cikin kwali. Idan ba ka iya kaɗawa ba, tafi da wanda ya iya, ko da za ka biya masa kuɗin mota. Sabuwa ce ko ta hannu, gwajin ɗaya ne.

1. Miƙewar wuya. Ɗaga jitar ka sa ido daga kai zuwa jiki, kamar kafinta yana duba katako. Idan wuyan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ajiye ta. Wannan ciwo ba shi da magani mai araha.

2. Lanƙwasa. Ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuya su ake kira firet. Danna tsirkiya mafi kauri a firet na farko da na ƙarshe a lokaci ɗaya, ka duba tsakiya. Ya kamata a ga 'yar tazara kamar kaurin katin waya. Tsirkiyoyi shida suna jan wuya da nauyin da ya kai wajen kilo 40, shi ya sa aka sa sandar ƙarfe a cikinsa domin daidaita shi. Roƙi mai shago ya juya ta kaɗan a gabanka. Idan ta ƙi motsi, ko tana juyawa a banza, kada ka saya. Ka kuma karɓi ɗan makullinta.

3. Tsayin tsirkiya. A firet na 12, tazarar tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce milimita 2 da yawa. Idan ta yi sama ƙwarai, yatsun mai koyo za su yi ciwo har ya gudu. Idan ta yi ƙasa ƙwarai, za ta riƙa zizara.

4. Kowane firet. Bi tsirkiyoyi shida ɗaya bayan ɗaya, daga firet na farko har na ƙarshe. Zai ɗauki minti goma, kada ka ji kunyar mai shago. Kana neman inda murya take mutuwa ko take zizara. A jita ta hannu duba ko ƙarafan sun cinye sun yi rami.

5. Gaskiyar murya. Saita jitar a kan E, A, D, G, B, E. Kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan ka danna ta a firet na 12. Dole na'ura ta nuna harafi ɗaya. Ƙaramin bambanci ana gyara shi da sukudireba a wajen jaki. Babban bambanci kuwa alama ce an dasa jakin a inda bai kamata ba.

6. Kunnuwa. Murɗa kowane kunnen ɗaure tsirkiya. Ya tafi sumul, kada ya yi sako-sako. Ja tsirkiyoyin kaɗan, ka kaɗa na 'yan mintoci, ka sake duba ko murya ta kwance.

7. Wayoyin ciki. Bayan an jona, taɓa kowane maɗaukin sauti da bakin sukudireba a hankali, za ka ji ƙwas a lasifika idan yana da rai. Juya maɓallan ƙara murya, ka motsa wayar a bakin raminta. Ƙaraf-ƙaraf a nan ba babban abu ba ne, mai gyaran rediyo zai iya kama shi da dalma. Amma dalili ne na neman ragi.

Ka lura, ƙujewar fenti ba ta cikin wannan jerin. Tsohuwar jita mai tabo da miƙaƙƙen wuya ta fi sabuwa mai walƙiya da karkataccen wuya. Kyan ɗan maciji ke nan.

Amfilifaya Da Maganar Wuta

Domin koyo a ɗaki, amfilifaya mai wat 10 zuwa 20 ta isa. Idan zauren makaranta ko majami'a yana da lasifikoki, sai a ajiye makirufo a gabanta, ba sai an sayi babba ba. A zaɓi mai taransisto. Mai kwalabe a ciki tana da tsada, kuma ba ta jure jijjigar hanya.

Kowa ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu. Saboda haka yana da kyau a tambayi irin amfilifayar da take aiki da batir. Roland Micro Cube, misali, da ƙananan batura shida take aiki. Irin waɗannan ba sa cin wuta da yawa, ƙaramar sola ma tana iya ɗaukarsu.

Juya bayan amfilifaya ka karanta abin da aka rubuta. Wutar Nijeriya da ta Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240. Ta Amurka bolt 120 ce, ta Japan kuma 100. Idan aka jona ta hannu da ta fito daga can kai tsaye a bangonmu, nan take za ta ƙone, sai dai a haɗa ta da na'urar rage wuta. Idan da janareta za a yi aiki, a tayar da shi ya daidaita tukuna kafin a kunna amfilifaya, kuma a kashe ta kafin a kashe shi.

Akwai wata magana da ta fi kuɗi muhimmanci. Kada a taɓa karya ƙafa ta uku ta filogi domin ya shiga soket, kuma kada a cusa tsirarar waya. Wannan ƙafa ita ce take kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, idan wuta ta ɓalle, ta jikin mai kaɗawa za ta bi. A 1976 wani sanannen mawaƙin Ingila mai suna Keith Relf ya rasu a gidansa ta wannan hanya. Idan ka ji tsirkiya ko makirufo yana ɗan cizonka, tsaya nan da nan a kira mai gyaran wuta. Kada a kaɗa da jiƙaƙƙen hannu, ko ƙafa ba takalmi a kan danshin siminti.

Ciniki Da Dawowa Gida

A Kano, unguwar Sabon Gari ce matattarar irin waɗannan kaya, kuma da yawansu daga kasuwar Alaba ta Legas ake kawo su. Zaga shago uku kafin ka taya. Kada ka nuna wadda ta kwanta maka a rai. Idan za ka sayi jita da amfilifaya a wuri ɗaya, nemi a sa maka waya da jaka a matsayin gyara. Karɓi rasit mai ɗauke da sunan kayan da lambar da take bayan kan jitar. Wannan zai taimake ka a shingayen hanya, kuma shi za ka nuna wa waɗanda suka ba ka amana. Mai niyyar zuwa Maraɗi ya lissafa canjin sefa da kuɗin kwastan, ya kuma bincika halin da iyaka take ciki, domin an rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Wanda ya ga hoton jita a waya kuwa, kada ya tura kuɗi sai wani amintacce ya je ya yi gwajin nan bakwai.

A mota, sassauta tsirkiyoyi kaɗan ka riƙe jitar tsakanin ƙafafunka. Kada ka yarda a ɗaure ta a saman mota ko a danne ta da buhuna.

Hunturu Da Bazara

Katako yana sha yana kuma bushewa. Jita ta fi son iska mai matsakaicin danshi, wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100, hunturunmu kuwa ya fi haka bushewa nesa. Idan katakon wuya ya tsuke, za ka ji bakin ƙarafan firet suna kartar hannu. Maganinsa shi ne a riƙa ajiye jita cikin jakarta, a sa ɗan soso mai danshi a cikin gwangwanin roba mai huji a gefenta, ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Da bazara, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40, kada a bar ta a rana ko kusa da kwanon rufi. A share tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, domin gumi ne yake sa su tsatsa. A rufe amfilifaya saboda ƙura. Idan ta ƙungiya ce, a naɗa mutum ɗaya mai kula da ita, da littafin rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya dawo da ita. Kayan kowa da kowa shi ne yake fara lalacewa.

Kammalawa

Ɗan'uwa mai karatu, idan kuɗin da aka tara bai isa jita da amfilifaya tare ba, kada a yi gaggawa. A sayi jita ta gargajiya a soma koyo, gama wurin sa yatsu ɗaya ne, a ci gaba da tari har shekara ta zagayo. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kuwa ya isa, a tafi da wannan shafi a aljihu, a duba wuya kafin fenti, a duba bayan amfilifaya kafin a jona. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Allah ya kiyaye hanya, ya kuma dawo wa ƙasar Gobir da zaman lafiya, domin a ji amon kiɗa a Isa da Sabon Birni ba tare da fargaba ba.